Bisharar Markus: littafin da ya fara da gudu, ya tsaya cak a bakin kabari

Wanda ya taɓa hawa mumbari ranar Lahadi ya karanta Bisharar Markus da babbar murya ya san littafin nan ba ya barin mutum ya huta. Kana gama aya, kana shirin haɗiye yawu, sai ka ci karo da "nan da nan". Yesu ya fito daga ruwa, nan da nan ya ga sama ta tsage. Nan da nan Ruhu ya iza shi jeji. Ya kira masunta, nan da nan suka bar tarunansu suka bi shi. Kalmar Helenanci da ake fassarawa haka ta fito sama da sau 40 a cikin surori 16, kuma wajen 11 daga ciki a sura ta farko suke. Ba labarin haihuwa, ba makiyaya, ba jerin kakanni. Kafin ka kai aya ta 10, Yesu babban mutum ne ya taho daga Nazarat zuwa Kogin Urdun. Marubucin kamar wanda aka aiko da saƙo ne, ya iso ƙofar gida yana haki, bai ko tsaya gaisuwa ba.

Bari in ɗan ratse saboda maƙwabtanmu Musulmi da za su karanta wannan, don kalmar Linjila takan kawo rashin fahimta tsakaninmu. A wurin Kirista, bishara labari ne a kan Yesu Almasihu wanda shaidu suka ba da, aka rubuta shi ta hannun mutum huɗu: Matiyu, Markus, Luka da Yahaya. Kalmar asali, wadda Linjila ta samo tushe daga gare ta, tana nufin albishir, irin wanda ɗan aike ke kawowa cewa an ci yaƙi ko an yi sabon sarki. Romawa ma sun yi amfani da ita wajen yabon Kaisar. Da wannan kalma Markus ya buɗe littafinsa, ya ce ga farkon albishir na Yesu Almasihu. A zamanin da albishir na Kaisar ne, wannan jimla ba ƙaramar magana ba ce.

A coci-coci da yawa na ƙasarmu fasto ne ke zaɓar nassin da zai yi wa'azi a kai. Amma a ɗarikar Katolika akwai jadawalin karatu na shekara uku da aka fitar a 1969, bayan babban taron Vatican na biyu, wasu ɗarikokin Furotesta kuma suka tsara nasu mai kama da shi, wanda ya kammala a 1992. Shekara guda ta Matiyu, guda ta Markus, guda ta Luka, Yahaya kuma ana saka shi a lokutan idi, musamman kwanakin tashin Yesu daga matattu. Lissafin mai sauƙi ne: raba shekara da 3, in ragowar 2 ce, shekarar Markus ce. Haka 2024 take, haka 2027, sai dai shekarar coci tana farawa ne Lahadi huɗu kafin Kirsimeti na shekarar da ta gabata. Da yake Markus gajere ne, a tsakiyar shekararsa akan jingine shi Lahadi biyar a karanta sura ta 6 ta Yahaya. Idan lokacin karatun bishara ya yi a sujadar Katolika, jama'a kan miƙe tsaye, a rera Halleluya, mai karatu ya yi alamar gicciye a kan littafin, a goshinsa, a leɓɓansa da ƙirjinsa, in ya gama kuma ya sumbaci shafin.

Wannan matsayi sabo ne ga Markus. Ya yi fiye da shekara dubu yana zaman ɗan bora a cikin bishara huɗu. Agustin, babban malamin nan na Afirka ta Arewa, ya rubuta wajen shekara ta 400 cewa Markus bin sawun Matiyu kawai ya yi yana taƙaita shi, kuma maganar babba ba ta faɗuwa ƙasa banza. Me za ka nema a wurin yaro alhali ga uban gidansa? Matiyu yana da huɗubar kan dutse, yana da addu'ar Ubangiji, Markus ba shi da ko ɗaya. A tsohon jadawalin cocin Roma, wuraren da ake karanta Markus ranar Lahadi ba su cika yatsun hannu ba. Sai a ƙarni na 19 wasu malamai a Jamus, irin su Karl Lachmann a 1835 da Christian Hermann Weisse a 1838, suka jera littattafan uku kafaɗa da kafaɗa suka ga abin da ya juya lissafin. Kusan kashi 90 cikin 100 na Markus yana cikin Matiyu, fiye da rabinsa yana cikin Luka, kuma duk inda Matiyu da Luka suka rabu a jerin labari, galibi ɗayansu yana tare da Markus. Sannan mai taƙaitawa ba ya tsawaita labari, alhali labarin mai aljanun nan na ƙasar Garasinawa aya 20 ne a Markus, aya 7 a Matiyu. Mafi yawan masana a yau sun tsaya a kan cewa Markus ne ya fara, sauran biyun suka gina a kansa. Ashe wanda ake ce wa yaro shi ne uban gidan.

To, wane ne shi? Littafin bai faɗi sunan marubucinsa ko sau ɗaya ba. Shaida mafi tsufa ta fito daga Papiyas, bishop na Hirapolis a ƙasar da ake kira Turkiyya yanzu, a farkon ƙarni na 2, kuma maganarsa ta iso mu ne ta hannun Yusibiyus mai tarihin ikilisiya. Papiyas ya ce Markus tafintan Bitrus ne, bai ji Ubangiji da kunnensa ba, bai bi shi ba, amma ya rubuta abin da ya tuna daga koyarwar Bitrus daidai, ko da yake ba bi da bi ba. Iraniyus na Liyon ya ƙara wajen shekara ta 180 cewa an yi rubutun ne bayan Bitrus da Bulus sun shuɗe. Tun daga nan ikilisiya ta ɗauka cewa shi ne Yahaya Markus na Ayyukan Manzanni, wanda masu bi ke taruwa a gidan uwarsa Maryamu a Urushalima, ɗan'uwan Barnaba. Wannan saurayi ne ya bi Bulus da Barnaba tafiyar wa'azi, suna isa Bamfiliya ya juya ya koma gida, har daga baya manyan biyu suka yi saɓani mai zafi a kansa suka raba hanya. Masana na zamani sun rabu: wasu sun yarda da wannan jingina, wasu suna cewa Markus suna ne da ya cika duniyar Roma, ba lalle mutum ɗaya ba ne. Ni dai abin da ke jan hankalina shi ne, da ikilisiyar farko ƙirƙirar suna take son yi don littafin ya yi kwarjini, ai ga manzanni goma sha biyu, ba sai ta ɗauko wanda aka sani da gudu daga aiki ba.

Kiristocin Masar kuwa suna riƙe da shi a matsayin wanda ya kafa ikilisiyar Iskandariya, shugaban cocin Kibɗawa har yau magajin kujerar Markus ake ce masa. A 828 wasu fatake suka ɗauke ƙasusuwan da ake jingina masa zuwa Benis ta Italiya, a 1968 aka mayar da wani ɓangare Alƙahira.

Tambayar da ta fi wannan amfani ga mai karatu ita ce: su wa aka rubuta wa? A nan littafin da kansa yake tona asiri. Duk inda kalmar Aramiyanci, harshen gidan su Yesu, ta fito, Markus sai ya kawo kalmar yadda take sannan ya fassara: Talita kumi, Iffata, Abba, Golgota. A sura ta 7 ya katse labari ya yi bayanin yadda Yahudawa ke wanke hannu da ƙwarya da tulu kafin cin abinci, abin da Bayahuden Urushalima ba ya bukatar a gaya masa. Helenancinsa cike yake da kalmomin Latin, na soja da na kotu da na kuɗi. Da ya zo kan gwauruwar da ta jefa 'yan kuɗi biyu a baitulmalin Haikali, sai ya ce darajarsu daidai take da wani ƙaramin kuɗin Roma. In mutum ya faɗa maka farashi da sefa sannan ya juya maka shi zuwa naira, ka san ya san naira kake kashewa. Akwai kuma wata 'yar magana a sura ta 15 da nake so ƙwarai. Mutumin da sojoji suka tilasta wa ɗaukar gicciye, Saminu ne mutumin Kurane, wani birni a Libiya ta yau, Markus ya ƙara da cewa shi ne uban Iskandari da Rufas. Bai ce komai a kan yaran ba, Matiyu da Luka ma cire sunayen suka yi. Ba ka ce wa jama'a "uban wane da wane" sai in sun san wane da wane, wataƙila ma suna zaune a cikinsu ana karatun.

Saboda waɗannan alamu, da kuma shaidar magabata, Roma ce aka fi ambata a matsayin inda aka rubuta littafin, ko da yake akwai masu cewa Siriya ko Galili. Lokacin kuwa tsakanin 65 da 75 ne, kuma shekarun nan ba na kwanciyar hankali ba ne. A watan Yuli na 64 gobara ta ci Roma, ta taɓa unguwanni 10 cikin 14. Jita-jita ta bazu cewa Sarki Nero ne ya sa aka kunna, shi kuma ya ɗora laifin a kan Kiristoci. Tasitus, marubucin tarihin Romawa wanda ba ya ƙaunar Kiristoci ko kaɗan, ya ba da labarin yadda aka naɗe wasu da fatun dabbobi karnuka suka yayyaga su, aka gicciye wasu, aka cinna wa wasu wuta su zama fitilun dare. Ya kuma faɗi abin da ya fi ciwo: waɗanda aka fara kamawa ne suka ba da bayanin da aka kama sauran da shi. Ka yi tunanin ikilisiyar da ta rage bayan wannan. A ɗaki guda ga matar da aka ƙone mijinta, ga mutumin da ya tsira don ya yi musun bangaskiyarsa, wataƙila ga wanda ya faɗi sunan mijin. Bayan shekara biyu, a 66, Yahudawa suka yi wa Roma tawaye, a 70 Titus, jagoran sojojin Roma, ya ci Urushalima aka ƙone Haikali. Sura ta 13, inda Yesu ya ce ba dutsen da za a bari a kan ɗan'uwansa, ɗan'uwa zai ba da ɗan'uwansa a kashe, waɗanda ke Yahudiya su gudu kan duwatsu, tana warin hayaƙin kwanakin nan. A tsakiyarta ma marubucin ya leƙo da kansa ya ce mai karatu ya gane. Ko Haikalin ya riga ya faɗi lokacin da yake rubutu ko yana gab da faɗuwa, shi ne abin da masana ke ja a kai.

Da wannan a zuciya, wasu ayoyi sai su canja launi. A 10:30 Yesu ya yi wa wanda ya bar gida da dangi da gonaki saboda shi alkawarin riɓi ɗari a wannan zamani, sai Markus ya manna 'yan kalmomi a wutsiyar alkawarin: tare da tsanani. Matiyu da Luka ba su da su a wannan wuri. Na sha jin ana wa'azin riɓi ɗari ana tafi da guɗa, mai wa'azi ya haɗiye wutsiyar ayar kamar ba a rubuta ba. Waɗanda aka fara karanta wa littafin wutsiyar suka fi sani.

Na ce "karanta wa" da gangan. Mafi yawan mutanen zamanin ba su iya karatu ba, littafi kuma abu ne mai tsada da ake kwafa da hannu. Mutum ɗaya ne ke tsayawa ya karanta, sauran su saurara, kuma Markus gaba ɗaya bai kai awa biyu a baki ba. Salonsa na mai ba da labari a dandali ne. Jimlolinsa "sai... sai... sai..." ne, shi ya sa yake zama daram a bakin Bahaushe, wanda labarinsa da "sai" yake tafiya. Yana ba da abin da ya wuce kamar yanzu yake faruwa. Yana da ido ga ƙananan abubuwa: Yesu na barci a ƙarshen jirgi, kansa a kan matashi, jama'ar da aka ciyar sun zauna a kan ɗanyar ciyawa, aladun da suka rufta teku wajen 2,000 ne, daren da aka kama Yesu wani saurayi ya bar mayafinsa a hannun masu kamu ya tsere tsirara. Yana da wata dabara kuma ta cusa labari a cikin labari. Yayirus, shugaban majami'a, ya faɗi gaban Yesu yana roƙo don 'yarsa na bakin mutuwa. Suna hanya, sai wata mace mai zubar jini shekara 12 ta taɓa rigarsa, Yesu ya tsaya yana tambaya wa ya taɓa shi, uban yarinya na tsaye zuciyarsa na tafasa. Kafin a gama da ita aka aiko cewa yarinya ta rasu. Sai a ƙarshe Markus ya jefo cewa shekarar yarinyar 12. Babba mai suna da matsayi, da matar da ba a ko faɗi sunanta ba wadda shari'a ta ɗauke ta marar tsarki, an ɗaure su da igiya ɗaya, kuma Yesu ya ce mata "'yata" a gaban mutumin da ya zo saboda tasa 'yar. In ka yanke labarin matar don karatun Lahadi ya yi gajere, ka zubar da rabin wa'azin.

Nan ne damuwata da karatun gutsure-gutsure take. Aya goma yau, aya goma mako mai zuwa, mai sauraro yana samun nama amma ba ya ganin ƙashin da ya riƙe shi. Ƙashin kuwa tambaya ɗaya ce da ke yawo tun daga farko: wane ne wannan? Mu masu karatu an gaya mana a aya ta farko. Aljanu sun sani, suna ihu suna faɗa, Yesu yana tsawata musu su yi shiru. Ya warkar da kuturu, ya ce kada ya faɗa wa kowa. Ya ta da 'yar Yayirus, ya ce kada kowa ya ji, alhali masu makoki na tsakar gida. Bitrus ya ce kai ne Almasihu, ya kwaɓe su kada su faɗa. Wani malami Bajamushe, William Wrede, ya rubuta littafi a kan wannan ɓoyo a 1901, yana ganin ikilisiyar farko ce ta shigo da shi daga baya, kuma har yau ana kai ruwa rana a kan ra'ayinsa. A ganina amsar tana cikin littafin, a 9:9, inda Yesu ya sa wa shirun wa'adi: sai Ɗan Mutum ya tashi daga matattu. A ƙasar da ke ƙarƙashin takalmin Roma, in ka ce Almasihu, abin da kunne ke ji shi ne sarki mai takobi. Sunan daidai ne, abin da mutane za su zuba a cikinsa ne ba daidai ba, don haka aka riƙe shi har sai gicciye ya fassara shi.

Dubi yadda aka gina tsakiyar littafin. A 8:22 an kawo wa Yesu makaho a Betsaida. Ya tofa masa yawu a ido, ya ɗora hannu, ya tambaye shi ko yana gani. Mutumin ya ce yana ganin mutane kamar itatuwa suna tafiya. Sai da ya sake ɗora hannu ya gani sarai. Babu wata warkarwa a bishara huɗu da aka yi ta hawa biyu sai wannan, kuma Matiyu da Luka ba su ɗauke ta ba. In aka karanta ta ita kaɗai sai mutum ya yi ta mamaki, ko ikon ne ya gaza a karon farko? Amma karanta abin da ya biyo baya. A hanyar Kaisariya Filibi Bitrus ya furta cewa Yesu ne Almasihu, Yesu ya fara faɗa musu cewa za a ƙi shi a kashe shi, Bitrus ya ja shi gefe yana tsawata masa, har Yesu ya ce masa Shaiɗan. Bitrus ne makahon da ke ganin mutane kamar itatuwa. Sau uku Yesu ya faɗi mutuwarsa a wannan tafiya, a 8:31 da 9:31 da 10:33, sau uku almajiran suka ba da amsar da ta nuna ba su ji ba. Bayan na biyu gardama suka yi a hanya a kan wane ne babba. Bayan na uku, wanda ya fi kowanne bayani dalla-dalla, har da tofi da bulala, Yakubu da Yahaya suka matso suna neman kujerar dama da ta hagu. Mutum na faɗa maka ranar jana'izarsa, kai kana tambayar rabon gado. Sashen ya rufe da wani makahon, Bartimawas na Yariko, wanda ya yar da mayafinsa, ya sami gani lokaci guda, ya bi Yesu a hanya, hanyar kuwa Urushalima ta nufa.

Babu mai bishara da ya tsananta wa almajirai kamar Markus. Sun shiga jirgi da gurasa ɗaya tak suna ta damuwa, bayan da idonsu sun ga an ciyar da 5,000 an kwashe kwando 12, an ciyar da 4,000 an kwashe 7, har Yesu ya tambaye su ko suna da ido ba sa gani. Matiyu ya ji nauyin abin ya rage masa kaifi. Inda Markus ya ce almajiran sun tashe shi cikin hadari suna cewa Malam, ba ka damu mu hallaka ba, Matiyu ya mai da maganar addu'ar neman ceto. Inda Markus ya ce 'ya'yan Zabadi ne suka nemi kujeru, Matiyu ya ce uwarsu ce ta roƙa musu. Markus bai rufa wa kowa asiri ba, kuma in da gaske daga bakin Bitrus ya ji labarin, to Bitrus bai rufa wa kansa ba. Ga jama'ar da wasunsu suka karye a hannun sojojin Nero, jin cewa shugaban manzanni ma ya yi musu a gaban wata baiwa, daga baya har ya rantse ya ce bai san mutumin ba, ya fi musu amfani da labarin jarumai.

Waɗanda suka gane kuwa 'yan gefe ne, masu fitowa sau ɗaya su ɓace, yawancinsu mata marasa suna: mai zubar jini, Basurofinikiyar nan, wadda ba Bayahudiya ba ce, da ta mayar wa Yesu magana a kan ɓarɓashin da karnuka ke ci a ƙarƙashin tebur har ya ce saboda maganar nan 'yarta ta warke, gwauruwa mai 'yan kuɗi biyu, da matar Betanya da ta fasa tulun turaren da ya haura dinari 300, kusan ladan ƙwadagon shekara guda. Ita kaɗai ta yi abin da ya dace da mutumin da ke gab da mutuwa.

Daga sura ta 11 gudun ya ragu. Surori goma sun ɗauki dukan hidimar Galili da tafiya, shida na ƙarshe mako ɗaya kawai, har a ƙarshe Markus yana ƙidaya sa'o'i. A ƙarshen sura ta 13, nassin da ake buɗe shekarar Markus da shi a coci, Yesu ya ce a zauna a faɗake don ba a san lokacin da maigida zai dawo ba: ko da yamma, ko da tsakar dare, ko da carar zakara, ko da asuba. Mukan ji wannan a matsayin maganar ƙarshen duniya, haka ne kuwa. Amma juya shafi. Da yamma suka ci jibi ya ce ɗayansu zai bashe shi. Cikin dare a Getsamani ya same su suna barci har sau uku, aka kama shi, duka suka watse. Da carar zakara Bitrus ya gama musunsa. Da asuba aka miƙa shi ga Bilatus. An ba su jarrabawar a daren da ya biyo bayan darasin, suka faɗi a kowane zango.

A kan gicciye, Yesun Markus magana ɗaya ya yi da ake iya ji, farkon Zabura ta 22, yana tambayar Allah don me ya yashe shi. Ba "ka gafarta musu" na Luka, ba "an gama" na Yahaya. Ya yi ƙara mai ƙarfi ya cika. Labulen Haikali ya tsage daga sama har ƙasa, kuma kalmar tsagewar ita ce wadda aka yi amfani da ita a sura ta 1 lokacin da sama ta tsage a Urdun murya ta ce kai ne Ɗana. A nan, a 15:39, ɗan Adam na farko a cikin labarin ya furta cewa hakika mutumin nan Ɗan Allah ne. Mai furucin hafsan sojan Roma ne da ke tsaye yana lura da aikin kisan, kuma Markus ya ce abin da ya gani shi ne yadda Yesu ya mutu. Wannan karon ba wanda ya ce masa ya yi shiru.

Sai ƙarshen, wanda ya fi komai tayar da ƙura. Ranar farko ta mako mata uku suka je kabari da kayan ƙanshi, suka tarar an mirgine dutsen, wani saurayi mai farar riga ya ce musu ya tashi, ba ya nan, su je su faɗa wa almajiransa, da Bitrus, cewa zai riga su zuwa Galili. Wannan "da Bitrus" Markus kaɗai ke da shi. Sai aya ta 8 ta ce suka fita a guje, jikinsu na rawa, ba su ce wa kowa komai ba, don suna jin tsoro. A kundaye biyu mafi tsufa da ke ɗauke da cikakken littafin, duka na ƙarni na 4, ɗaya a ɗakin karatu na Vatican, ɗaya wanda aka samo a gidan sufaye na gindin Dutsen Sina'i, nan littafin ya tsaya. Yusibiyus da Jerom, wani babban malamin ikilisiya na dā, sun shaida cewa haka mafi yawan kwafin Helenanci na zamaninsu suke. Aya 9 zuwa 20 da ke cikin Littafinmu salonsu daban ne, suna kama da taƙaitawar abin da ke sauran bishara, amma tsofaffi ne ƙwarai, Iraniyus ya san su tun ƙarni na 2, ikilisiya kuma ta karɓe su tana karantawa. Wasu masana na ganin shafin ƙarshe ne ya ɓata, wasu na ganin da gangan Markus ya ajiye alƙalami a nan. Ni ina tare da na biyu, don marubucin da ya nuna mana kowa yana gazawa tun daga Galili ba zai yi wuya ya bar mu da gazawa ta ƙarshe ba, wadda kuma ta juya ta farko: lokacin da aka ce a yi shiru, kuturu ya fita yana shela, yanzu da aka ce a faɗa, baki ya mutu.

Wata shekara, ranar Asabar ta jajibirin Ista, mu da matasan cocinmu muka ce bari mu gwada karanta littafin gaba ɗaya a zama guda, mutum huɗu suna karɓa-karɓa. Muna sura ta 6 aka ɗauke wuta, muka ci gaba da fitilar waya, kuma duhun ya taimaka, don kowa ya ajiye nasa littafin ya koma sauraro. A wurin gurasa ɗaya a jirgi har dariya aka yi. Daga Getsamani ba ka jin ko tari. Mun shirya tun farko a tsaya a 16:8, yarinyar da ke karatu ta kai "suna jin tsoro", ta rufe littafi ta zauna. Aka yi tsit. Can sai wata dattijuwa daga zumuntar mata, wadda ta zo ɗaukar jikanta ta zauna a bencin baya, ta ce, "Malam, ina sauran? Ko takardar ce ta yage?" Na ce, "Mama, sauran yana nan, amma a tsofaffin kwafi nan ya tsaya." Ta yi shiru tana gyara ɗaurin kallabinta, sannan ta ce, "To, ɗana, in da sun yi shirun har abada, wa ya gaya wa shi mai rubutun?" Duk da haka ba ta bari mun tashi ba sai da aka sake kunna fitilar waya aka karanta mata aya 9 zuwa 20.